Ranar da Aka Ba Ni Riƙon Kan Ɗan Maraɗi

Har yau idan na ji labarin nan a bakin waɗanda ba su je wurin ba, raina ɓaci yake yi. Ana ce mini mai haƙuri, ban kuma musa ba. Na yi shekaru ina ɗaure kayan mutane a kwali, ana yi mini tsawa da harshe uku, ban taɓa ɗaga murya ba. Amma wannan magana guda haƙurina bai kai gare ta ba. Shi ya sa da na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na dawo gida, hannuna ya fara sabawa da biro, na ce ita zan rubuta, don a samu mutum ɗaya da ya faɗe ta yadda ta faru.

Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik ce. Ina birnin Guangzhou, a unguwar Xiaobei, inda mutanenmu ke saye da tura kaya gida. Maigidana wani Alhaji ne ɗan Kano kamar ni, yana da ofishin tura kaya a cikin wani dogon bene. Aikina in karɓi kaya, in auna, in ɗaure, in raka su sito. Ban iya karatu ba a lokacin, amma zama da leburorin sito ya sa na tsinci Sinancinsu: ɗaga, sauke, a hankali, tsaya, kar ka taɓa. Da shi nake cin abinci, da shi nake faɗa da direbobi.

Ɗakin da nake kwana mu biyu ne, ni da wani ɗan Maraɗi mai sayen takalman mata. Na girme shi sosai, Yaya yake ce mini, amma bai taɓa barina na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba.

"Yaya, kashe fitilar nan," in ji shi. "Na san ku 'yan Najeriya in kuka ga wuta ba kwa son rabuwa da ita, don ba ku san ranar da za ku sake ganinta ba."

"Kai da garinku duka fitila uku ce, har kana da bakin magana."

Mutum ne mai son kwalliya da son dariya, kuma duk dukiyarsa da ta 'yan'uwansa tana cikin takalman nan. A shekarar biza ta yi wuya. Da can idan taka ta kusa ƙarewa sai ka haura Hong Kong ka dawo da sabon hatimi. Da wasannin suka matso aka ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. 'Yan sanda suka riƙa tsayawa a bakin benaye suna duba fasfo. Bizar ɗan Maraɗi ta ƙare yana jiran masana'anta ta gama masa kaya, kullum gobe, kullum gobe. Ya ce ba zai tafi ya bar dukiyar mutane a hannun wanda bai sani ba. Sai ya koma bin lungu, yana fita da sassafe. Duk mun san halin da yake ciki, har Alhaji, don ta ofishinsa kayan za su bi.

Akwai wani mai masana'anta da Alhaji ke kai wa 'yan kasuwa, muna ce masa lawban, wato maigida a bakinsu. Al'adarsu ce idan an gama babbar kasuwar baje koli ta Pazhou su fita da abokan cinikinsu a ci a sha. Lawban ya rasa inda zai kai mu. Giya ba ma sha, naman gidajen abincinsu ba ma ci, gidan waƙa kuwa Alhaji ya ce ko gawarsa ba za ta shiga ba. Ya yi ta tunani, ran nan ya ce ya samo wurin da ba haramun a cikinsa. Ranar Juma'a ya jira mu a bakin masallaci da motarsa. Muka shiga mu uku, ni da Alhaji da ɗan Maraɗi, yadda muka fito salla, kowa cikin shaddarsa. Ni dai na ɗauka kifi za a kai mu ci.

Wani tudu ne a bayan gari, an share gefensa an dasa ciyawa lumbu-lumbu tun daga sama har ƙasa. Wasan zamiyar nan da muke gani a talabijin Turawa na yi a kan ƙanƙara, shi suke yi. Da yake Guangzhou ba ta san ƙanƙara ba, sai suka mai da shi kan ciyawa. Za a ba ka takalmi mai nauyi har ƙwauri, a ƙarƙashinsa wani ƙarfe mai ƙananan tayoyi da sarƙa kamar ta katafila, a ba ka sanduna biyu, ka hau sama ka gangaro.

Alhaji ya duba ya ce shi girmansa ya wuce wannan, ya samu inuwa ya zauna da carbinsa. Mai ba da takalma ya nuna rigunanmu ya yi alamar mu cire. Na cire tawa na ba Alhaji, na tsaya daga ni sai singileti da wando. Ɗan Maraɗi ya ƙi.

"Ranar Juma'a in tsaya da singileti gaban matan mutane? Yaya, kai dai ka saba, ɗan dako ne kai. Ni ɗan kasuwa ne."

Ya naɗe ƙasan rigar ya ƙulle a ƙugu, yadda muke yi idan za mu tsallake ruwa ko za mu hau keke. Mai takalma ya ɗaga kafaɗa ya ƙyale shi. Sabuwar shadda ce, mai sulɓi, ba ta riƙe ƙulli. Mu ukun mun san haka, ba wanda abin ya zo masa a rai.

Da farko a ƙasa-ƙasa muka yi ta yi, inda gangaren ba shi da tsayi. Na faɗi ban san iyaka ba. Shi kuwa nan da nan ya iya, ya wuce ni yana ce mini in koma sito in zauna da kwalayena. Can ya ce zai hau sama inda gwanaye suke. Na tsaya a ƙasa ina kallonsa. Ya taho da gudu, yana dariya, har ya yi rabi. Sai na ga ƙullin ya kwance, rigar ta sauko, sarƙar takalmin hagu ta cafke bakinta. Ƙafar ta tsaya cak, sauran jikin bai tsaya ba. Ya tashi sama ya faɗa kan wani Basine mai ƙiba da ke gabansa, suka gangaro tare kamar buhu biyu, har suka daki shingen da ke ƙasa.

Basinen ya tashi zaune yana ihu, jini na zuba daga goshinsa, hannunsa ya lanƙwashe a inda hannu ba ya lanƙwashewa. Mutane duk suka nufi wajensa, suka yi da'ira, ba wanda ya taɓa shi. Ɗan Maraɗi yana kwance rigingine, ba jini ko ɗigo, idonsa biyu. Na ja takalman nan masu nauyi na isa wurinsa, Alhaji ma ya iso.

"Sannu. Ina ke maka ciwo?"

"Wuyana, Yaya. Kuma yatsuna kamar ana tsira mini allura."

"Wuya ne ya goce," in ji Alhaji. "Ba komai. A garinmu maɗori ja ɗaya yake yi ya koma. Kama ƙafafunsa mu kai shi inuwa."

Na sunkuya na kama. Haka muka taso. Wanda ya faɗi ɗaga shi ake yi, a yayyafa masa ruwa, a zaunar da shi. Barin ɗan'uwanka a ƙasa mutane na kallo rashin mutunci ne. Alhaji ya zura hannu ƙarƙashin hamatarsa.

A nan ta iso. Gajeriyar mace ce, Basiniya, za ta yi shekara talatin da wani abu, cikin rigar wasa, ta ɗaure gashinta a baya. Daga sama ta gangaro, ta juya ƙafa ta tsaya a gefenmu, ta watsar da sandunan. Ba ta tsaya cire takalma ba, da gwiwa ta rarrafo. Ta make hannun Alhaji, har sai da na ji ƙarar. Sannan ta durƙusa a saman kan ɗan Maraɗi, ta tallafe kansa da tafukanta biyu, ta dube ni ta faɗi abin da nake ji kullum a sito: kar ka taɓa, ajiye.

Na ajiye.

Alhaji ya miƙe yana duban bayan hannunsa. "Wace ce wannan? Ka ga abin da ta yi mini?"

Ba ta ko kalle shi ba. Da ta gane ina jin Sinanci kaɗan sai ta mai da ni tafinta. Tambaye shi sunansa. Tambaye shi ko ya san inda yake. Ka ce ya motsa yatsun ƙafa, amma kar ya ɗaga kai ya duba. Ya motsa. Ka ce ya matse hannunka. Ya matse da dama, na hagu kuwa kamar na jariri. Na gaya mata. Fuskarta ba ta sauya ba, sai ta ce in zagayo inda take. Ta sa na kwanta rub da ciki a kan ciyawa, gwiwar hannuna a ƙasa, ta zare hannunta ɗaya ta sa nawa, ta zare ɗayan ta sa nawa, kunnuwansa a tsakanin yatsuna. Ta nuna wuyanta, ta murɗa hannu kamar mai karya kara, sannan ta nuna ƙafafunta ta sake su suka yi laƙwas. Ba na bukatar tafinta a kan wannan. A unguwarmu akwai wani yaron mota da ya faɗo daga saman kaya, 'yan'uwa suka ɗauke shi caɗak suka cusa a tasi don tausayi. Shekara da shekaru a kan tabarma ya yi su, ana juya shi.

"Kar ka saki," in ji ta. "Ko wa ya ce."

Ta rarrafa wajen mai ihun. Daga inda nake kwance ina hango ta. Ta ciro tawul daga wuyanta ta danne goshinsa, ta kama hannun matarsa da ke kuka ta ɗora a kai. Ta karɓi wata mujalla daga hannun wani mai kallo, ta naɗe hannun da ya karye a ciki, ta ɗaure da igiyar hularta. Tana yi tana magana a waya, ta maƙale ta a kafaɗa.

Wayar nan Alhaji ya gani.

"Wa take kira?"

"Motar asibiti, Alhaji."

Ya dubi ƙofar shiga, ya dubi lawban da ke tsaye can nesa yana share gumi. Sannan ya tsuguna kusa da ni ya rage murya.

"Ka san abin da ke cikin fasfon yaron nan. Asibiti za su nemi fasfo. Daga nan sai 'yan sanda. Za su tambayi ina yake kwana, wa ke tura masa kaya. A wannan lokacin da ake neman dalilin rufe ofishin baƙar fata? Tashi. Motar lawban na bakin ƙofa. Mu kai shi ɗaki, akwai wani Bazabarme a unguwar Guangyuan da ya iya ɗori, in kira shi."

Ɗan Maraɗi yana ji. Na ji kansa na neman juyawa a tafin hannuna, na ƙara matsewa.

"Yaya, gaskiya Alhaji ya faɗa. Don Allah ɗaga ni. Kayana na hanya. In suka kama ni na shiga uku, da mi zan koma gida?"

"Kwanta tukuna."

"Wallahi zan iya tashi. Sake ni ka gani."

Ba mu gama wannan ba sai ga mai kula da wurin, da rigarsa fara da ma'aikata biyu, ɗaya na riƙe da kujerar roba. Shi damuwarsa daban ce. An tsayar da masu zamiya a sama, layi ya yi tsawo, mutane sun biya kuɗinsu, ga baƙar fata kwance a tsakiyar hanya ana ɗaukarsa hoto. Ya ce a ɗora shi a kujera a kai shi ofis, a can zai fi jin daɗi, akwai fanka.

Wannan wurin ne har yau idan na tuna nake jin haushi. Manya biyu, ɗaya Musulmi ɗan'uwansa da suka yi sahu ɗaya a masallaci ɗazu, ɗaya mai wurin da ya karɓi kuɗin shigarsa, ba sa jin harshen juna, amma sun yi ittifaƙi a ɗaga shi. Wannan yana tunanin ofishinsa, wancan yana tunanin layinsa. Wuyan da ke hannuna ba ya cikin lissafin kowa. Kuma kowannensu da fuskar taimako ya zo.

Ma'aikatan suka sunkuya. Sai ga matar nan ta miƙe tsaye a kan takalman nan masu taya, hannunta duk jinin mutum, ta shiga tsakaninsu da mu. Ta juya harshe zuwa yaren garin, wanda ba na ji, ta yi ta zazzaga wa mai farar riga. Iyakarta kafaɗarsa, amma baya ya riƙa ja. Ta nuna wayarta, ta nuna shi, ta nuna masu ɗaukar hoto. Ban san me ta ce ba. Na dai ga mai kujera ya ajiye kujerar ya zauna a kai.

Saura Alhaji. Ya ga tana can, ya sake matsowa.

"Ni nake biyanka ko ita?"

"Kai ne, Alhaji."

"To na ce ka sake shi. Mace, ba Musulma ba, ta taɓa shi, ta dake ni, kai kuma ka kwanta a ƙasa kana bin umarninta. Ka san ta? Ka san wa ya aiko ta?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji."

"Haƙurin me? Tashi nake cewa."

"Ka yi haƙuri."

Abin da na yi ta maimaitawa ke nan, don ba ni da wata magana. Ban saba musu da shi ba, kuma ban iya ba. Ya tsaya a kaina har na ɗauka zai ɓamɓare hannuna da ƙarfi. Sai ya ajiye rigata a kan ciyawa, ya ce bari ya je ya yi magana da lawban. Na bi su da ido har suka fita ƙofa. Ba su dawo ba.

Motar asibitin ta daɗe. Wurin da nisa, hanyar tudun kuma ƙarama. Rana na dukan bayana, tururuwa na cizon cikina, hannuwana suka gaji. Ɗan Maraɗi ya zage ni, ya ce ni ba ɗan'uwa ba ne, ya ce da ma ya san 'yan Najeriya ba su da amana. Daga nan ya yi kuka, hawaye na bin yatsuna. Daga nan ya koma salati. Wata tsohuwa daga cikin masu kallo ta zo ta buɗe laima a kanmu, ta tsaya har ƙarshe. Matar nan kuwa tana kai da kawowa tsakanin majinyatanta biyu da gwiwa. Duk zuwa sai ta sa ya motsa yatsu, ta taɓa wuyan hannunsa, ta duba idonsa. Ta ce in riƙa yi masa magana kar ya yi barci.

"Ka ji, an ce kar ka yi barci."

"Yaya, guminka na ɗigo mini a ido."

"Yi shiru, turaren Kano ne, kyauta kake samu."

"Rigata ta yage?"

"Ta yage har wuya."

"Ban ko wanke ta sau ɗaya ba."

Da motar ta iso, maza biyu suka fito da katako mai maɗauri da wani abin wuya mai tauri. Suna ganinta suka yi dariya, ɗayan ya faɗi wani abu, ta harare shi. Ta ga ina kallo, sai ta nuna motar ta nuna ƙirjinta, ta ce da Sinanci mai sauƙi don in gane: wannan ne aikina, yau ranar hutuna ce. Ita ta karɓi kan daga hannuna. Ita ta ba da umarni, suka juya shi gaba ɗaya kamar ƙyaure, kai da jiki ba wanda ya riga wani, suka ɗaure shi a katakon. Sannan suka ɗauki mai karaya. Na miƙe, yatsuna suka ƙi miƙewa. Ta kama su ta murza, ta tura ni cikin motar. Gwiwoyinta duk sun kwaile, sun yi kore da ciyawa. Na ce shiyeshiye, wato na gode. Ta yi mini alamar in yi sauri. Aka rufe ƙofa. Ganina da ita ke nan na farko da na ƙarshe.

A asibiti likita ya ɗaga hoton wuyan a jikin fitila ya nuna mini da bakin biro. Ko wanda bai yi makaranta ba zai ga tsagar, kamar ta tukunyar ƙasa da ta fashe amma ba ta rabu ba. Ya tambaya wa ya riƙe kan. Na ce wata mata ce ta sa ni. Ya gyaɗa kai.

Abin da Alhaji ya faɗa kuma ya faru, ba zan ɓoye ba. An nemi fasfo. 'Yan sanda sun zo, sun zo ɗakinmu ma, sun je ofis sun yi tambayoyi, ba su rufe shi ba. Ɗan Maraɗi ya yi makonni a kwance da ƙarfe a wuya. Da ya warke aka ci shi tara, aka tsare shi, aka sa shi a jirgi, aka ce kar ya dawo sai bayan shekaru. Takalmansa sun isa gida bayan salla ta wuce, kasuwarsu ta faɗi. Ya yi asara mai yawa. Wannan duk gaskiya ne.

Amma ku ji yadda aka ba da labarin a Xiaobei. Ina zaune a gidan abincin da muke cin tuwo, a bayana ake yi, wasu ma a gabana.

"Wata 'yar leƙen asiri ce, da ma bin su take."

"Targaɗe ne fa kawai. Da an kai shi wajen Bazabarmen nan, kwana uku ya miƙe."

"Asibitinsu haka suke, sai su sa maka ƙarfe don su ci kuɗi."

"Alhaji ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya ceci yaron, mutumin nan ne ya ƙi."

Mutumin nan ni ne. Na gaya musu na ga hoton da idona. Suka ce hoto ai na'ura ce, wa ya san na wuyan wa aka nuna mini. Na ce matar tana hutu ne, da kuɗinta ta shiga wurin don ta yi wasa. Suka ce to me ya kai ta, Sinawa da ko ɗan'uwansu ya faɗi a titi ba sa taɓawa? Wato alherin da ta yi shi ne hujjar da aka kama ta da ita. Alhaji bai kore ni ba, amma ya daina aikena wuraren da ake aiken amintacce. Shi ma ya ba da labarin sau da yawa ina tsaye ina ɗaure kaya, kuma a nasa labarin babu wurin da ya fita ƙofa bai dawo ba. Ba wanda ya taɓa cewa a nemo matar nan a yi mata godiya. Mutanen da za su yi tafiyar awa biyu su gaida wanda ya ba su ragi a kan kwalin waya. Na koma tudun sau ɗaya na tambaya, mai ba da takalma ya ce meyo, babu, bai san ta ba.

Bayan na dawo gida da wasu shekaru na je Maraɗi ta'aziyyar wani, na nemi shagonsa. Ƙaramin shago ne a bakin kasuwa, takalman roba da silifa. Ya yi ƙiba. Idan zai dubi gefe sai ya juyo da jikinsa duka, kuma yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasawa sosai. Ya rungume ni, ya sa aka kawo fura, ya kira 'ya'yansa suka gaishe ni. Muka yi hira har la'asar. Da zan tafi ya ce sai ya raka ni tasha, ya ɗauki jakata ya saɓa.

A hanya ya ce, "Yaya, ka san da yanzu ina da shago uku a Yamai. Matar nan ta cuce ni."

Na ɗauka wasa yake. Na dubi fuskarsa, ba wasa ba ne.

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa ya sani. Alhaji ma da ya zo nan bara ya ce da an bi shawararsa."

Na tsaya a tsakiyar hanya. Ban taɓa yi masa tsawa ba, ranar ma ban yi ba. Na ce masa ni na riƙe kan nan, ni na ga hoton, kuma Alhaji ko ƙofar asibitin bai taka ba. Na ce ya ci gaba da jin haushina in yana so, amma kar ya ƙara ambaton matar nan da mugun baki a gabana. Ya juyo da jikinsa duka ya dube ni.

"To, Yaya, na ji. Kai dai ba ka canza ba. Taho, mota za ta cika."

Bai yarda ba, na gani a idonsa. Ya gyara jakar a kafaɗa ya yi gaba, yana tsallake kwata, yana kauce wa 'yan kabu-kabu, yana sauri. Ni da gwiwata ta fara ciwo na biyo shi a baya, ina ce masa ya rage gudu, ba na iya cim masa.